Babi na Huɗu: Kafin Ka Sa Ƙafa a Likkafa

Me ya sa mutumin da ya nome gonarsa da hannunsa damina guda, ya yi girbi, ya ɗora buhun gero a amalanke ba tare da an kama masa ba, zai hau doki na wuni ɗaya ranar Sallah, washegari ya kasa durƙusawa a sahu? Duk wanda ya zauna a garin da ake hawa ya san irin tafiyar nan ta bayan Sallah: ƙafafu a buɗe, hannu a ƙugu, in za a sauka daga dakali sai an dafa bango. Abokan wasa su yi ta tsiya, shi kuwa ya ce sanyi ne ya shige shi, ko kuma sirdin aro ne bai karɓe shi ba.

Sirdi yana iya yin laifi. Amma galibi laifin yana wurin da ba a duba ba. An wanke doki, an gyara kaya, an kai ɗinki tun kafin azumi, mahayin ne kaɗai ba a shirya ba.

Doki ya bar ƙofar gida

A zamanin da Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure, wajen 1819, da shekaru masu yawa bayansa, babu mai tambayar yadda za a shirya jiki domin hawa. Hakimi a kan doki yake rangadi, a kansa yake zuwa gaisuwa fada, ɗan aike a kansa yake kai saƙo. Yaron gidan sarauta kuwa tun bai iya naɗa rawani ba ake ɗora shi a bayan doki ya kai shi shan ruwa. Jikinsu kullum a shirye yake, don ba su taɓa sauka ba balle su manta.

Yau mota da babur sun karɓi wannan aiki. Hakiman Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da jama'arsu har yanzu suna shigowa Kazaure domin hawa tare da Mai Martaba Sarki Najib Hussaini Adamu, mutanen Babura kuma masarautarsu Ringim ce. Al'adar ma ƙara suna take yi, tun da a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda kake gani a bayan hakimi, ka cire yaran barga da masu kilisar yamma, sau biyu suke hawa doki a shekara. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan kasuwa ne da ke wuni a zaune a shago, wani ɗalibi ne a kwalejin Hussaini Adamu, wani daga Abuja ya iso ana jajibiri. Hawa ya zama wasa mai lokaci, kuma duk wasa mai lokaci yana da wannan matsala: zuciya tana tuna yadda ake yi, tsoka ta riga ta manta.

Abin da sirdi yake nema

Mai kallo daga gefen hanya yana ganin mahayi a zaune ne. Mahayin kirki kuwa bai taɓa zama kamar yadda ake zama a kujera ba. Tsokokin cikin cinya suna riƙe da cikin doki, suna matsewa suna saki gwargwadon motsinsa. Ciki da gadon baya suna ta ƙananan gyare-gyare don kada kai ya riga ƙugu tafiya. Idon sawu da sha-raɓa suna ɗauke da nauyi a likkafa. Duk wannan yana gudana ne ko da a tafiyar taƙama ce, kuma yana gudana awa uku, awa huɗu, a cikin rana, ƙarƙashin babbar riga da rawani, wani ma da alkyabba a kai. 'Yan lifidi da 'yan sulke nasu nauyin ba a magana.

Yanzu dubi lokacin jafi. An saki linzami, doki ya fita a guje, gudun da zai iya kai kilomita 40 a awa. Mahayi ya ɗan ɗaga daga sirdi, nauyinsa ya koma kan gwiwa da likkafa, hannun dama a sama. Ana gab da isa gaban Sarki ya ja linzami, doki ya kafa ƙafafun baya ya zame. Doki ya tsaya, amma jikin mutum bai san an tsaya ba, gaba yake son wucewa. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido, cinya da ƙugu ne suke taka masa burki. In suna da ƙarfi, ka ga ya zauna daram, ƙura ta lafa, jama'a su ɗauki sowa. In babu, sai ya rataya a linzami, ya yage wa doki baki, ko ya kifa a kan wuyansa, ko ya wuce ta kan kunnuwansa gaba ɗaya.

Noma ba ya koyar da wannan. Fartanya da garma suna gina kafaɗa da damtse da baya, suna kuma ba mutum juriya, abin da ba ƙarami ba ne. Amma babu aikin gona da ke sa ka matse abu mai faɗi tsakanin cinyoyinka na awoyi. Babur ma haka: yana koya maka karkata a kwana, amma ba ya tsorata da ƙarar bindiga, ba ya yin gefe don an busa kakaki a kunnensa.

Tsamin jiki ba sanyi ba ne

Tsoka tana aiki iri biyu. Tana ja ta gajarce, kamar lokacin da kake ɗaga guga daga rijiya. Tana kuma riƙe nauyi alhali tana miƙewa, kamar lokacin da kake mayar da cikakkiyar guga ƙasa a hankali ba tare da ka saki igiya ba. Iri na biyun nan shi ne aikin burki, kuma shi ya fi yi wa tsokar da ba ta saba ba ƙananan raunuka a cikin zaruruwanta. Jiki sai ya shiga gyara, wurin ya ɗan kumbura daga ciki, ya yi tsami.

Abin lura shi ne lokacinsa. Ciwon ba ya zuwa ranar. Yakan fara bayan an kwana, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin awa 24 zuwa 72. Hawan Sallah kuwa ba na wuni ɗaya ba ne. A Kano, bisa al'ada, bayan hawan idi akwai Daushe, akwai Nasarawa, akwai Ɗorayi ko Fanisau, sauran masarautu ma kowacce da nata jerin. Ke nan wanda bai shirya ba, hawansa na biyu da na uku suna faɗawa daidai lokacin da cinyarsa ta fi kowane lokaci rauni. Tsokar da ta yi tsami ƙarfinta yana raguwa na 'yan kwanaki, ba ciwon kawai ba.

Labari mai daɗi shi ne tsoka tana da saurin ɗaukar darasi. In ta sha irin wannan wahala sau ɗaya ta warke, karo na biyu ciwon ba ya kai na farko, kuma kariyar tana ɗaukar makonni. Don haka tsamin nan biyansa za a yi ko ana so ko ba a so. Zaɓin da ke hannunka shi ne ka biya shi a watan Sha'aban a tsakar gidanka, ko ka biya shi ranar Sallah a gaban jama'a.

Mutanen ƙanƙara

Akwai wasu mutane a duniya da suke da irin matsalarmu sak, kuma sun daɗe da yi mata tsari. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu, irin su Faransa da Suwizalan da Kanada, miliyoyin mutane suna zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ko a Afirka ana yi, a Oukaimeden da ke tsaunukan Maroko da kuma Afriski a Lesoto. Da yawa daga cikin masu wannan wasa ma'aikatan ofis ne da suke samun mako ɗaya a shekara. Suna sulalowa daga kan tsauni a kan allo ɗaya ko alluna biyu, gwiwa a lanƙwashe, cinya tana burki daga sama har ƙasa. Raunin da ya fi damun masu alluna biyu shi ne jijiyar gwiwa, masu allo ɗaya kuma wuyan hannu, don da shi suke tare ƙasa in sun faɗi.

Abin da masu koyar da su suke nanatawa shi ne a fara motsa jiki makonni shida zuwa takwas kafin a ga ƙanƙara: ƙarfin cinya, ƙarfin ciki da baya, tsayuwa a ƙafa ɗaya, da numfashi. Ba sa jiran kayan wasa. Matan nan uku da suka wakilci Najeriya a tseren amalanken ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018 a Koriya ta Kudu, wato Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, da amalanken katako suka fara atisaye a birnin Houston na Amurka, garin da ganin dusar ƙanƙara a cikinsa sai an dace. Wanda ya ce ba zai shirya wa hawa ba don ba shi da dokin kansa, uzurinsa bai kai nasu ba.

Lissafin wata

Me ya sa makonni shida zuwa takwas? Domin ƙarfin da kake ji a makonnin farko yawancinsa ba sabuwar tsoka ba ce, ƙwaƙwalwa ce take koyon yadda za ta kira tsokar da kake da ita. Girman tsoka sai daga baya yake biyowa, jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi kuma sun fi tsoka nawa wajen ƙarfafa. Ba a yi musu gaggawa.

To, mu namu lissafin yana da wani ƙulli da na mutanen ƙanƙara ba shi da shi. Ƙaramar Sallah tana zuwa ne a bayan kwana 29 ko 30 na azumi. Watan da ya kamata a ce shi ne na tsananin atisaye, shi ne watan da ba a ci ba a sha da rana, barci ma a yanke yake. Saboda haka mai son ya hau da ƙarfinsa ranar 1 ga Shawwal, aikinsa na gini a Rajab da Sha'aban yake. Da zarar an fara maganar azumin tsofaffi, lokaci ya riga ya soma ƙurewa.

Babbar Sallah ta fi sauƙi. Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da kwana goma, wajen kwana 70, wanda ya isa har ya yi saura. Matsalarta ɗaya ce: a 'yan shekarun nan tana faɗowa bakin damina, lokacin sharar gona da shuka, mutum ya gaji ya ɗauka gajiyar nan ita ce shiri.

Tsakar gida, tudu da yashi

Ba a bukatar ƙarfe ko kuɗin shiga wani wuri. Abu na farko shi ne tsugunno da tashi: ƙafafu a ɗan buɗe, diddige a ƙasa, ka sauka a hankali kana ƙirga uku, ka tashi. Saukar ita ce maganin, kada ka faɗa ƙasa da nauyinka. Fara da goma sau biyu, ka riƙa ƙarawa kowane mako. Na biyu, jingina bayanka da bango ka zame har cinyarka ta miƙe daidai da ƙasa, ka tsaya. Rabin minti zai ishe ka ranar farko, cinya za ta fara rawa, wannan rawar ita ake nema. Na uku, na cikin cinya: kwanta rigingine, sa ƙwallo ko naɗaɗɗen bargo tsakanin gwiwoyinka, matse na daƙiƙa goma, saki, maimaita. Na huɗu, kifa ciki ka tokare ƙasa da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, ƙugu bai faɗa ba bai kuma tashi sama ba.

Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, wadda mutane suka fi rainawa. Gwada ta yanzu: tsaya a ƙafar hagu rabin minti, sannan ka rufe ido. Manya da yawa a nan suke gane inda suke. Kana iya yin ta kana asuwaki.

Kwana biyu ko uku a mako ya wadatar, da hutun kwana a tsakani, don a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa. Wannan ma bai wuce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya yi ba, ko zai hau doki ko ba zai hau ba: minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Domin numfashi kuwa, Allah ya hore wa ƙasar nan abin da wasu suke biya su samu. Mutumin Kazaure da na Roni tuddai da duwatsu ne kewaye da shi. Hau da sauri-sauri, ka sauko a hankali, ka lura cewa saukowar ce take koya wa cinya burki. Mutumin Babura yana da yashi, kuma tafiyar rabin awa a cikin yashi mai laushi tana gajiyar da ƙafa da ƙarfafa idon sawu fiye da irinta a kan kwalta. Keke ma yana da kyau, musamman ga mai ciwon gwiwa.

Duk wannan share fage ne. Babu abin da yake maye gurbin doki. Wanda yake da hanyar barga ya nemi kilisa tun da wuri, ya fara da tafiyar minti ashirin, ya ƙara har ya kai awa, sukuwa ta zo a ƙarshe. A yi ta da sirdin da za a hau ranar, a daidaita tsawon likkafa tun yanzu. Kuma a ji maganar tsohon barga. In ya ce, "Alhaji, yau dai a yi tafiya, sukuwar sai wani mako," ba raini ba ne, ya ga yadda kake zaune.

Cikin azumi

Azumi ba watan ƙari ba ne, watan riƙo ne. Ƙarfin da aka tara ba ya zubewa da wuri in ana ɗan taɓa shi: sau ɗaya ko biyu a mako ya isa ya tsare shi, muddin ba a sassauta nauyin aikin ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asham, an ci an sha. Mai son kilisa ya yi ta gab da shan ruwa, gajeriya, ba da tsakar rana ba. A sha ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur maimakon a ɗura shi gaba ɗaya, kuma a bai wa wake da ƙwai da nono da ƙuli-ƙuli wuri a faranti, don kunu da ƙosai kaɗai ba sa riƙe tsoka.

Goman ƙarshe akwai tahajjud da zirga-zirgar tela. Barci ne yake shan wuya, kuma mai gyangyaɗi ba ya jin lokacin da doki zai yi gefe. Daren Sallah, ko mene ne bai kammala ba, a kwanta.

Rana da ƙwaya

Watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, shi ya sa ƙaramar Sallah ta 2024 ta zo cikin Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris, tsakiyar bazara, lokacin da zafi a wannan yanki yakan kai digiri 40. Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi a mako ɗaya zuwa biyu in ana fita ana gumi, amma wanda ya wuni ƙarƙashin fanka ya fito rana ɗaya da rawani da alkyabba bai samu wannan ba. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, rikicewar magana, duk alamu ne na a sauka a nemi inuwa da ruwa nan take. Ba abin kunya ba ne a sa yaro ya bi ka da gora.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba. Wasu samari tiramol suke sha kafin hawa, wai don kada su ji gajiya ko tsoro. Ƙwayar tana rufe ciwo, amma tana kawo jiri da mutuwar jiki, in an yi mata yawa har farfaɗiya take tayarwa. Mutumin da kansa ya fi mita biyu daga ƙasa, a kan dabba mai gudu, a titi cike da yara 'yan kallo, ba shi da hurumin ya dushe hankalinsa. A ganina duk hakimin da ya san yaro yana sha ya kuma bar shi ya hau a tawagarsa, yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Wanda ya haura arba'in kuma ya daɗe bai motsa ba, ko mai hawan jini, ko ciwon suga, ko gwaiwa, ko tsohon ciwon baya, ya fara biyawa ta asibiti a auna shi kafin ya hau tudu. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi a lokacin atisaye ba tsamin jiki ba ne, a tsaya a ga likita. In kuwa an faɗi an bugu a kai, ko da an tashi ana dariya, hawan ranar ya ƙare. Karayar hannu mai ɗori yana iya ganinta, jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai babu mai ganinsa da ido.

Saura ɗayan

Duk abin da aka faɗa a kan cinyarka ya hau kan dokin ma. Shi ma wata da watanni ya yi a turke yana cin harawa da dusa, ko kuma jiya-jiya aka sauke shi daga mota daga kasuwar Maigatari, sannan a ɗora masa sirdi da jalala da ƙaton mutum a ce ya yi zamiya a kan kwalta. Shi ba zai ce sanyi ne ya shige shi ba, ɗingishi kawai za ka gani. Babi na gaba a barga za mu yi shi: abincin doki kafin Sallah, kofato, gyambon sirdi, da yawan nauyin da ya kamata ya ɗauka. Kafin nan, duba kalanda ka ga saura mako nawa a ga watan azumi.